Babi na Huɗu: Laba da Oza, Haruffan da Suka Saɓa wa Sunayensu

Duk wanda ya ɗauki gwangwanin abinci ko kwalin kayan da aka yi a Amurka, ya juya bayansa, zai tarar da wasu haruffa biyu-biyu a gefen lamba, lb a nan, oz a can. In ya tambayi mai jin Turanci yadda ake karanta su, za a ce masa na farkon pound, na biyun ounce. A nan mai lura zai dakata, domin babu l babu b a cikin pound, babu kuma z a cikin ounce. Haka cwt take, wadda ake karantawa hundredweight alhali kalmar ba da c ta fara ba, haka kuma dwt ta maƙeran zinariya, wadda ake karantawa pennyweight ba tare da an ga ta inda d ya shigo ba. A al'adar rubutu, taƙaita kalma yanke mata wutsiya ne a bar kai, kamar yadda muke rubuta Alh. a madadin Alhaji, ko Mal. a madadin Malam, kowa ya gani ya san abin da aka rage. To, me ya sa ma'aunan nauyi na Ingila suka zo da kai daban, jiki daban? Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da wannan babi zai nuna shi ne, kowane ma'auni yana rayuwa a wuri uku: sunansa a bakin mutane, alamarsa a alƙalamin akawu, da adadinsa a littafin doka. A tsarin Ingila waɗannan ukun ba gida ɗaya suka tashi ba, ba kuma zamani ɗaya ba. Saboda haka alamar kan iya gaya maka asalin ma'auni da hanyar da ya biyo, amma ba ta isa ta gaya maka nauyin abin da ke hannunka ba.

Mu fara da lb. Rumawa suna da ma'aunin da suke kira libra, wanda masana suka ƙiyasta nauyinsa a kusan gram 327. Kalmar ita ce kuma sunan sikelin kansa, shi ya sa har yau Turawa ke kiran burujin Mizani da ita. Idan Barume yana son ya fayyace cewa nauyi yake nufi, sai ya ce libra pondo, wato libra bisa awon nauyi. Ƙabilun arewacin Turai da suka yi ciniki da Rumawa kunnensu ya kama kalmar ƙarshe, pondo, ita ce ta zama pound a Turanci, ta zama Pfund a Jamusanci. Amma masu riƙe da alƙalami a Turai, limaman coci da akawunan sarakuna, da harshen Latin suka ci gaba da rubuta lissafinsu har tsawon ƙarnoni, su kuma kalmar farko suka riƙe, suna taƙaita ta zuwa lb. Ka ga an raba magana ɗaya gida biyu, baki ya ɗauki rabi, alƙalami ya ɗauki rabi. Alamar kuɗin Ingila ma, £, harafin L ne na libra aka yi masa ado da ɗan layi a tsakiya. Masana da dama suna ganin alamar # da ke kan madannan waya daga lb ta samo asali, bayan hannun masu saurin rubutu ya yi ta murɗe haruffan biyu da layin da ake ja a kansu, kuma har yau Amurkawa da sunan pound suke kiranta. Ita kuwa lbs da ake yawan gani, kan Latin ne aka liƙa wa wutsiyar Turanci, domin s ɗin jam'in Turanci ne da ba shi da gurbi a kalmar asali.

Labarin oz ya fi wannan nuna yadda suna kan rabu da ma'anarsa. Rumawa sun kasa libra kashi goma sha biyu, kowane kashi suna kiransa uncia, ma'anar kalmar kuwa ɗaya bisa goma sha biyu. Daga ita aka samu ounce, daga ita kuma aka samu inci, wanda shi har yanzu ɗaya bisa goma sha biyu ne na ƙafa. Amma labar da 'yan kasuwar Ingila suka tsaya a kanta daga ƙarni na 13 zuwa na 14 kashi goma sha shida gare ta, don haka ozar yau sunanta yana cewa goma sha biyu, aikinta yana cewa goma sha shida. Harafin z kuwa daga tsohon Italiyanci ya fito, inda ake rubuta kalmar onza, a zamanin da attajiran biranen Italiya ke kan gaba a harkar banki da cinikin ulu a Turai. Shi kansa tsarin sunansa avoirdupois, daga tsohon Faransanci, ma'ana kayan da ake sayarwa bisa nauyi. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ji wasu daga cikin kalmomin nan ba baƙi ba ne a kunnensa. Uƙiyya da ake ambata a babin zakka jikar uncia ce da ta biyo ta Girkanci ta shiga Larabci. Dram, mai alamar dr, wanda shi ne ɗaya bisa goma sha shida na oza, da dirhami kakansu ɗaya, wato drachma ta Girkawa. Harafin d da ke gaban dwt na denarius ne, kuɗin Rumawa da ya haifi dinari. Ashe kalmomin da suka zo mana ta teku a hannun Turawa, 'yan uwansu sun riga su isowa ta Sahara a cikin littattafan malamai.

Dangantakar nauyi da kuɗi ita ta haifar da ruɗani na farko, kuma a nan ne Hausa ta yi abin da Turanci bai yi ba. A ƙarshen ƙarni na 8, a ƙasashen Sarki Charlemagne da kuma Ingila, daga laba ɗaya ta azurfa ake buga tsabar kuɗi 240. Saboda haka kalma ɗaya ta zama sunan nauyi kuma sunan kuɗi, har yau kuwa Bature in ya ce pound sai ka duba zancen kafin ka san aljihu yake nufi ko sikeli. Wannan lissafin na 240 shi ne wanda iyayenmu suka yi ciniki da shi har zuwa ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta shigo: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Sai dai Bahaushe bai haɗa su a kalma ɗaya ba. Kuɗin ya kira shi fam, kamar yadda kunnensa ya ji daga bakin Bature. Nauyin kuwa ya kira shi laba, ya kira ƙaramarta oza, waɗannan kuma haruffan lb da oz ne aka karanta kamar yadda ido ya gan su, aka sa musu wasula don su zauna a harshe. Ba wuya a gane yadda hakan ta faru. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, manomi da dillali suka fara tsayawa gaban sikelin kanti, inda haruffan ke rubuce a jikin ƙarfe da kan takardar akawu. Abin sha'awa, da yin haka Hausa ta koma kusa da tushe fiye da Turanci, domin laba ta fi pound kama da libra, oza kuma ta fi ounce kama da onza.

Idan aka haura sama da laba, sai a shiga duniyar cinikin ulu, wanda shi ne arzikin Ingila a tsakiyar zamani, har ya kai mai jagorantar Majalisar Dattawan ƙasar yana zama a kan matashin da aka cusa wa gashin tumaki don tunawa da haka. Akwai stone, mai alamar st, kuma ma'anar kalmar dutse, domin da dutse na gaske ake ɗora wa sikeli. A zamanin Sarki Edward na Uku, a ƙarni na 14, aka tsayar da dutsen awon ulu a laba 14, buhun ulu kuma dutse 26, wato laba 364. Dutse biyu su ne quarter, mai alamar qr, laba 28. Quarter huɗu su ne hundredweight, wanda c ɗinsa na centum ne, ɗari a Latin, wt kuma taƙaicen kalmar nauyi a Turanci, wato alama ɗaya harshe biyu. Sunan ya ce ɗari, alamar ta ce ɗari, amma in aka ɗora a sikeli laba 112 ce, domin ita ce ke rabuwa dutse takwas cif. Irinsa ashirin su ne tan, laba 2,240, shi kuma sunansa daga wata ƙatuwar gangar giya ya fito. Ko dutsen ma bai zama ɗaya a ko'ina ba. Dokar 1835 ta amince da mai laba 14, amma mahautan kasuwar Smithfield ta Landan sun ci gaba da amfani da dutsensu mai laba 8 har zuwa gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya ga an rubuta 10 st a takardar wancan zamani, sai ya san ko ta mai ulu ce ko ta mahauci kafin ya san laba 140 ake nufi ko laba 80.

Da ma'aunan suka ƙetare tekun Atilantika, sai ɓarakar ta ƙara faɗi. Amurkawa ba su riƙe dutse ba, saboda haka ba su ga dalilin da zai sa ɗari ta zama 112 ba, suka tsayar da nasu hundredweight a laba 100 daidai, tan ɗinsu kuma ya zama laba 2,000. Amma ba su sauya suna ba, ba su sauya alama ba. Har yau cwt a Landan kilo 50.8 ce, a Chicago kuma kilo 45.4. Tan ɗin Birtaniya, wanda ake kira dogo, kilo 1,016 ne, na Amurka, wanda ake kira gajere, kilo 907, a tsakaninsu kuma ga tan na tsarin kilo mai kilo 1,000, wanda furucin sunansa a Turanci bai bambanta da nasu ba. Tazarar da ke tsakanin dogon da gajeren ta kusa kilo 109, wato ta haura buhun siminti biyu a kowane tan. Ɗan kasuwar da ya ƙulla cinikin tan ɗari yana nufin dogo, abokin cinikinsa yana nufin gajere, zai tarar da giɓin kusan kilo 11,000, kuma babu wanda zai iya cewa ɗayan ya yi ƙarya, domin kowannensu abin da aka rubuta ya karanta. Wannan shi ne aibin alamar da aka gada: tana da tsufan da ke sa a amince da ita, amma ba ta ɗauke da shaidar ƙasar da ta fito.

Ruɗanin da ya fi tsada yana wajen zinariya. Ban da labar kasuwa, Ingila ta daɗe da wata labar ta maƙeran zinariya da azurfa mai suna troy, wadda galibi ake danganta sunanta da garin Troyes na Faransa, mai shahararriyar kasuwa a tsakiyar zamani. Abin da ya haɗa tsarin biyu shi ne mafi ƙanƙantar ma'auni, grain, mai alamar gr, wato ƙwayar hatsi, wadda aka ɗauko daga nauyin ƙwayar sha'ir. Labar kasuwa ƙwaya 7,000 ce a oza 16, ta troy kuwa ƙwaya 5,760 a oza 12. Daga nan wani abu mai kama da wasa ƙwaƙwalwa ya fito: labar auduga ta fi labar zinariya nauyi, gram 454 da gram 373, amma ozar zinariya ta fi ozar auduga nauyi, gram 31.10 da gram 28.35. Farashin zinariya da ake sanarwa kullum a kasuwannin duniya na ozar troy ne, kuma sau da yawa oz kawai ake rubutawa. Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Nisabin zakkar zinariya misƙali 20 ne, wanda malamai da yawa na wannan zamani suka ƙaddara a gram 85. Mai son ya fitar da nisabi da kansa, in ya ɗauko farashin oza daga intanet ya raba shi da 28.35 maimakon 31.10, zai ɗaga farashin gram da kusan kashi goma cikin ɗari, nisabin ya hau da wannan gwargwado, har ya zaci dukiyarsa ba ta kai ba alhali ta kai. Haruffan ba su yi masa gargaɗi ba, domin ba su da bakin yin gargaɗin.

To, in suna bai isa ba, alama ba ta isa ba, ina gaskiyar nauyin take? Tana hannun doka, ita ma dokar ta sha tuntuɓe kafin ta tsaya. Tun a 1215 yarjejeniyar Magna Carta ta nemi a samu awo ɗaya a duk faɗin masarautar, yawan maimaita wannan umarni a ƙarnonin da suka biyo baya kuwa ya nuna ba a bi shi ba. Sai a 1824 Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta kafa abin da ake kira tsarin daula, ta ɗora shi a kan wani curin tagulla na labar troy da aka ƙera a 1758. Shekara goma bayan haka, a watan Oktoban 1834, gobara ta cinye ginin majalisar, curin ya tafi da ita. Aka ƙera sabo da ƙarfen filatinam, a wannan karon na labar kasuwa, doka ta amince da shi a 1855, sannan dokar 1878 ta soke labar troy ta bar ozarta kawai don masu zinariya da azurfa. Amurka kuwa tun 1893 ta fara bayyana labarta da kilo. A ƙarshe, a 1959, ƙasashe shida masu magana da Turanci, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, suka amince cewa laba ɗaya ita ce kilo 0.45359237, ba ƙari ba ragi. Tun daga lokacin laba ba ta da wani nauyi nata na kanta. Kilo ne sanye da rigar aro, kuma duk wanda ya auna laba a yau, ya sani ko bai sani ba, wani kaso na kilo ya auna.

Masu kare tsohon tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa lambobin da ake yi wa dariya hannun ɗan kasuwa ne ya zaɓe su. Goma sha shida tana rabuwa biyu har sau huɗu ba tare da ɓarɓashi ba: takwas, huɗu, biyu, ɗaya. Mai sikeli mai faranti biyu ba ya buƙatar alƙalami don ya raba laba, rabawa kawai zai yi ta yi har farantan su daidaita, alhali goma sau ɗaya take rabuwa ta tsaya a biyar. Kuma laba da oza sun dace da cefanen gida, dutse ya dace da jikin mutum, shi ya sa har yau Baturen Ingila in an tambaye shi nauyinsa da dutse yake amsawa, in an yi haihuwa da laba da oza ake sanar da nauyin jariri. Ƙaunar da ake yi wa tsarin ta kai ga wani mai sayar da kayan lambu a Sunderland, Steve Thoburn, ya gwammace a gurfanar da shi a kotu a 2001 da ya daina sayar da ayaba da laba. Duk wannan gaskiya ne, wanda ya san yadda mai awo ke raba mudu rabi da rabin rabi a kasuwanninmu ba zai musa ba. Sai dai hujjar tana kare lambar goma sha shida ne a cikin kasuwa ɗaya, tsakanin mutanen da suka san juna. Ba ta kare kasancewar oza iri biyu, ɗari iri biyu da tan iri biyu a ƙarƙashin haruffa iri ɗaya ba. Sauƙin rabawa a kan tebur bai biya asarar da ake yi idan takarda ta bar garin da aka rubuta ta ba.

Hujja ta biyu ita ce, masu sana'a ba sa ruɗewa: maƙerin zinariya ya san ozarsa, mai jirgin ruwa ya san tan ɗinsa, yanayin zance yana warware komai. Wannan ma haka yake muddin takarda ba ta fita daga hannun 'yan gida ba, amma ai amfanin rubutu shi ne ya je inda mai shi bai je ba. Masu haɗa magani sun daɗe suna rubuta gr don awon ƙwayar hatsi, shi ya sa ƙwayar asfirin ta Amurka take miligiram 325, wato tsohon awon ƙwaya biyar. Gram kuwa g ake rubuta shi, kuma ya ninka ƙwaya fiye da sau goma sha biyar. Harafi ɗaya ne tsakanin magani da guba, dalilin da ya sa harkar magani ta yi watsi da tsohon awon ke nan. Ƙwararru ma kan faɗa ramin a lokacin sauyi. Ranar 23 ga Yulin 1983, wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 da ya taso daga Montreal zuwa Edmonton yana buƙatar mai kilo 22,300. Na'urar nuna yawan mai ba ta aiki, aka yi lissafi da hannu, aka yi amfani da lambar da ke juya lita zuwa laba a maimakon wadda ke juya ta zuwa kilo. Jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin buƙatarsa ba, injinansa biyu suka mutu a sararin sama, matuƙin, Robert Pearson, ya lallaɓa da shi ba inji har ya sauka a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, mutum 69 da ke ciki suka tsira. Duk waɗanda suka yi lissafin sun san aikinsu. Lambar da suka samu ma daidai take, sunan da ke bayanta ne ba nata ba.

Hujja ta uku ita ce wadda mai karatu a Kano ko Maraɗi zai fi saurin kawowa: mu ina ruwanmu? Nijeriya ta koma tsarin kilo tun shekarun 1970, Nijar kuwa da shi ta tashi tun zamanin Faransa, yaran yau da yawa ba su taɓa jin kalmar laba ba. Amsar ita ce, mu mun bar laba, kayan da muke saya da waɗanda muke sayarwa ba su bar ta ba. Farashin auduga a kasuwar New York da laba ake faɗinsa, na zinariya da ozar troy, ajin 'yan damben zamani da laba ake raba shi, safar hannunsu da oza ake auna ta, kayan da ake odarsu daga Amurka da laba ake cajin dakonsu. Wani kuma zai ce ai kilo da gram ma baƙin kalmomi ne daga Girkanci, me ya fifita su? Abin da ya fifita su ba asalinsu ba ne. Alamar kg yarjejeniya ce aka zauna aka tsara, aka ce ba ta da jam'i, ba a sa mata ɗigo, ba ta sauyawa daga harshe zuwa harshe, kuma nauyi ɗaya take nufi a Zinder da Tokyo. Ita kuwa lb gado ce da ta taru a hankali, kowane ƙarni ya ɗora nasa. Mu ma muna da irin wannan gadon a gida. Mudu, tiya, kwano da buhu sunaye ne da kowa ya sani, amma duk mai sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba, buhu kuma akwai babba akwai ƙarami. Matsalar da Ingila ta shafe ƙarnoni tana fama da ita, tamu ce da wasu sunaye.

Wannan ya sa sanin cikakkun sunayen nan da alamominsu ya wuce abin burge abokai a majalisa. Wanda ya san lb ta libra ce, oz ta onza, c ta centum, d ta denarius, ya san cewa haruffan an rubuta su ne don wasu mutane a wani zamani, ba a taɓa yi masa alkawarin za su fassara kansu ba. Daga nan sai ya koyi tambayar da ta dace a gaban kowace lamba: ozar wa, tan ɗin wace ƙasa, gram nawa ke nan? Matambayi ba ya ɓata. Addininmu ya tsananta a kan tauye awo har sura guda ta Alƙur'ani ta ɗauki sunan masu yin haka, mun kuma saba kallon laifin a matsayin na mai danna sikeli da yatsa ko mai bubbuga gindin mudu. Tarihin laba ya nuna akwai tauyewar da ba ta buƙatar mugun nufi, wadda ke faruwa tsakanin masu gaskiya biyu idan suka yarda da suna ba su yarda da adadi ba. Maganinta kuwa mai arha ne: duk inda aka rubuta lb, oz, cwt ko tan a takardar ciniki, a rubuta kilo ko gram a gefensa, kowa ya gani kafin a ɗora kaya a mota.